Tambayi Likita: "An Ce Akwai Jakar Ruwa a Jikin Zuciyata"

Wasiƙu huɗu na ware a wannan fitowar, domin duk magana ɗaya suka kawo: an ɗauki hoto, an ga ƙullutu mai ruwa a jikin zuciya ko a gefenta, hankalin gida ya tashi. Abu ne da ba a cika gani ba. Na daɗe ina duba masu ciwon zuciya, amma in zan ƙirga masu irin wannan da na gani da idona, yatsun hannu da na ƙafa sun ishe ni. Na taƙaita wasiƙun, na kuma sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 41, 'ya'yana huɗu. Wata biyu da suka wuce aka tura ni gwajin lafiya saboda sabon aikin da na samu. A hoton ƙirji aka ga wata inuwa zagayayya a gefen dama na zuciyata, ta ƙasa. Aka yi mini eko, wato hoton zuciya na sauti, da hoton CT, aka ce jakar ruwa ce mai faɗin santimita 5 a jikin tantanin zuciya. Likitan ya ce in koma gida, in dawo bayan shekara. Wallahi ba na jin ciwon komai, amma tun ranar ban yi barcin kirki ba. Maigidana ya ce a nemi wani asibitin a cire kowa ya huta. Yaya za a ce abu yana jikin zuciyar mutum, kuma a ce a bar shi? Ko kansa ce suke ɓoye mini? — Malama Z.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Bari in fara da abin da ya hana ki barci. Yadda kika siffanta abin nan, ba kansa ba ce, kuma irin wannan jakar ba ta rikiɗewa ta zama kansa.

Zuciya ba tsirara take a ƙirji ba. Tana cikin wata riga mai ninki biyu, wato tantanin nan da aka gaya miki, da ɗan ruwa a tsakani, mililita 15 zuwa 50, wanda ke sa ta motsa ba tare da goga ba. Lokacin da ake halittar ɗan tayi, wasu 'yan ƙananan gurabe ne ke haɗuwa su zama wannan rigar. Wani sa'in guda ɗaya ya ƙi haɗuwa da 'yan'uwansa, ya ware gefe, ya tara ruwa a hankali. Shi ne jakar da aka gani. Ke nan mai yiwuwa ne da ita aka haife ki, da ita kika yi makaranta, da ita kika haifi yaran nan huɗu. Ba ranar da aka ɗauki hoton ta fito ba, ranar ce dai aka gan ta.

Ana ƙiyasta mutum ɗaya cikin 100,000 ke da ita. Kusan bakwai cikin goma suna zama ne daidai inda taki take, a lungun dama inda zuciya ta haɗu da faffaɗan naman nan da ya raba ƙirji da ciki, wanda zan riƙa kira shamaki. Fiye da rabin masu ita ba sa jin komai, a hoton wata lalurar daban ake tsintar ta. Ruwan da ke ciki garai-garai yake, har likitocin tiyata na da suka yi mata laƙabi da jakar ruwan marmaro.

Me ya sa likitanki ya saki jiki? Hoton CT yana faɗin nauyin abin da ke cikin ƙullutu. Idan bangon siriri ne sumul, ɗaki ɗaya ne babu rabe-rabe, abin da ke ciki ya yi daidai da ruwa, sannan aka ɗura miki ruwan rini a jijiya bai shiga cikinsa ba, to hujja ta cika. Ƙari mai cutarwa tsoka gare shi, yana shan rini saboda yana da jijiyoyin jini, kuma yana kutsawa cikin maƙwabtansa.

Na ji daɗi da aka yi miki CT ba a tsaya a hoton farko ba, kuma ina da dalili. Ina sabon likita aka kawo wani dattijo da inuwa a wannan lungun na dama. Na duba, na ce jakar ruwa ce, har na fara shirin a zuƙe ta da allura. Babban likitan da nake ƙarƙashinsa ya ɗaga hoton gefe, ya nuna mini ɗan duhun iska a cikin inuwar, bai ce uffan ba. Ashe hanji ne ya leƙo ƙirji ta wata ɓula a shamaki. Da na soka allurar nan, da hanjin bawan Allah na huda. Kama da wane ba wane ba ne. Dunƙulen kitse ma yakan yi irin wannan inuwar, haka kumburin jijiyar jini.

To yaushe ake taɓa ta? Idan ta fara damun mai ita: ciwon ƙirji, tarin da ya ƙi ƙarewa, haki, ko bugun zuciya ya rikice. Idan hotuna biyu a jere sun nuna tana girma. Idan tana danne wani ɗaki na zuciya ko hanyar iska. Ko kuma idan likitoci ba su gamsu da cewa ita ɗin ce ba. Akan samu wadda ta yi jini a ciki, ko ta ruɓa, ko ta fashe, amma wannan jefi-jefi ne ƙwarai. Akwai ma waɗanda tasu ta ɓace da kanta.

In an tashi taɓawa, hanya biyu ce. Ta farko a soka allura ana kallo da eko, a zuƙe ruwan, wani lokaci a ɗura sinadarin etanol don bangon ya manne. Ƙa'idojin da Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Turai ta fitar a 2015 sun ambaci wannan hanyar. Matsalarta ita ce jakar tana nan, kuma idan zuƙa kaɗai aka yi, kusan kashi ɗaya cikin uku ruwan yakan dawo. Ta biyu a cire ta gaba ɗaya. Tun 1931 wani likita mai suna Otto Pickhardt ya cire irinta a birnin Niyu Yok, ta hanyar buɗe ƙirji. Yau galibi ba a buɗewa. Huji biyu ko uku ake yi tsakanin haƙarƙari, a saki huhun wannan gefen ya kwanta, a zura kyamara da dogayen kayan aiki, a ɓanɓare jakar. Ba a tsayar da zuciya. A bar ɗan tiyo kwana ɗaya ko biyu yana fitar da iska da ruwa, cikin 'yan kwanaki a sallami mutum.

Ki gaya wa maigida na fahimci nufinsa, tausayi ne. Amma ni ina bayan likitanki. Tiyata komai ƙanƙantarta tana da nata haraji: maganin barci, zubar jini, ciwon haƙarƙari da kan ɗauki watanni ga wasu, ga kuma wata jijiyar saƙo da ke bi ta jikin rigar zuciya tana motsa shamaki, wadda in aka ji mata rauni numfashi yakan ragu. Mace lafiyayya mai jaka santimita 5 da ba ta danne komai, a ganina a bar kaza cikin gashinta. Ba zan ɓoye miki ba, akwai likitocin tiyata da suka fi son cirewa idan ta yi girma sosai, kuma na taɓa tura wata mata aka cire mata don kawai fargaba ta hana ta rayuwa. Wannan ma dalili ne, amma ki ba kanki lokaci tukuna. Babu ƙwaya ko wani abin sha da ke narkar da ita, kada kowa ya karɓi kuɗinki a kan haka.

Ki koma hoton nan bayan shekara kamar yadda aka ce, ki tafi da tsohon don a gwada su. Idan kafin nan kika ji ciwon ƙirji mai tsanani farat ɗaya, ko numfashi ya sarƙe, ko kika suma, kada ki jira ranar. Abu ɗaya kuma: in kin taɓa zama inda ake kiwon tumaki tare da karnuka, ki faɗa wa likitanki. Wasiƙa ta gaba za ta nuna miki dalili.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Ɗana ne, shekararsa 19. Ya tashi cikin tumaki, kuma muna da karnuka biyu masu gadinsu. Sau biyu yana suma bana, yana kuma kukan ƙirji. Eko ya nuna jaka mai santimita 6 a cikin naman zuciyarsa ta hagu, da wasu 'yan ƙanana a cikinta. Sun ce ƙwan tsila ne ya jawo, kuma sai an tsaga ƙirji an tsayar da zuciya. Amma gwajin jinin da suka yi na tsilar bai nuna komai ba. Na san wani da ya yi irin wannan a hanta, da allura aka zuƙe masa ya warke. Me zai hana a yi wa yaron haka, ko a ba shi maganin tsutsa? In an tsayar da zuciyar mutum ai ya mutu ke nan. — Wani uba

AMSA: Malam, Allah Ya ba shi lafiya. Amsar da na ba Malama a sama, ka juya ta gaba ɗaya, ita ce taka. Tata a bar ta, ta ɗanka kuwa ba a bari, kuma ba a soka mata allura daga waje ko da wasa.

Wannan cuta sunanta haidatid. Wata tsila ce 'yar mitsitsiya, tsawonta bai kai santimita ɗaya ba, da ke zama a hanjin kare. Ƙwanta yana fita a kashin karen, ya zauna a ƙasa, a ciyawa, a ruwa, har a gashin jikinsa. Tunkiya ta ci ciyawar, jaka ta fito mata a hanta ko huhu. An yanka ta, an ga kayan cikin ba kyau, an jefa wa kare, tsila ta sake tashi a cikinsa. Haka abin ke zagayawa. Ɗan Adam kuskure ne ya faɗa tsakani, ta hannun da ya shafa kare ya kai baki, ko ruwa da ganyen da ƙwan ya taɓa. Ba a ɗaukarta daga mutum zuwa mutum, don haka kada a ware wa yaron kwano. An fi saninta a Turkiyya da Iran, da ƙasashen Arewacin Afirka, da yankin Turkana na Kenya, da Asiya ta Tsakiya, da yammacin Sin, da Ajantina da Peru, duk inda tumaki da karnuka ke tare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci sama da mutum miliyan ɗaya na ɗauke da cututtukan wannan dangin tsila.

Yadda ta kai zuciya kuwa, sai da ta tsallake shinge biyu. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa a hanji, ɗan ya huda ya shiga jini. Hanta ce matata ta farko, a nan kusan kashi biyu cikin uku ke maƙalewa. Huhu ne na biyu. Ɗan abin da ya kuɓuce wa duka biyun shi ke isa zuciya ta hagu, kuma rassan farko da ke fita daga babbar jijiya su ne masu shayar da naman zuciyar kanta. Shi ya sa ta zuciya ba ta wuce kashi 0.5 zuwa 2 cikin ɗari na masu cutar, kuma fiye da rabinsu a bangon ɗakin ƙasa na hagu take zama, don shi ya fi shan jini. Girmanta a hankali ne, shekaru take ɗauka. Ba mamaki tun yana ƙarami ya ɗauka.

Gwajin jinin kada ya ruɗe ka. Abin da yake nema shi ne alamar jiki ya yi faɗa da tsilar. Jakar da ke rufe ruf, ba ta yoyo, takan ɓoye wa jiki, sai gwaji ya fito babu komai alhali tana nan. In ya nuna, ya ƙarfafa zato. In bai nuna ba, bai kore ba. 'Yan ƙananan jakunkunan da aka gani a cikin babbar su ne shaidar da ta fi ƙarfi, kusan babu wata cuta mai yin haka.

Yanzu maganar allura. Gaskiya ne ana yi wa wasu na hanta haka: a soka, a zuƙe, a ɗura abin kashe tsilar, a sake zuƙewa. Hanta a zaune take, kuma namanta yakan toshe hanyar allurar. Zuciya kuwa tana bugawa kusan sau 100,000 a kwana, tana matse jakar a kowane bugu. Ruwan da ke ciki cike yake da dubban kawunan tsila masu rai, kowanne zai iya zama sabuwar jaka. In ya zube cikin jini, jiki kan yi mummunan bore nan take, borin jini ya feso, maƙogwaro ya kumbura, jini ya faɗi, mutum na iya tafiya cikin mintoci. In ɓaraguzan jakar suka bi jini daga hagu, suna iya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa su shanye ɓarin jiki, ko su toshe ta ƙafa. Daga dama kuwa huhu suke nufa. In ta fashe ta waje cikin rigar zuciya, ruwa ya shaƙe zuciyar ta kasa buɗewa. Wannan fashewar tana iya faruwa da kanta, ba sai an taɓa ba, shi ya sa ba a jira. Sumar nan biyu da ya yi ita ta fi tayar mini da hankali a duk wasiƙarka, domin tana iya nufin jakar ta fara taɓa wayoyin lantarkin zuciya ko tana tare hanyar jini.

Maganin tsutsa yana da gurbinsa. Albendazol ake ba da shi, gwargwadon nauyin mutum, miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo a rana. Amma shi kaɗai ba a dogara da shi a ta zuciya sai ga wanda jikinsa ba zai ɗauki tiyata ba. Har ma likitoci sun saɓa a kan ba da shi kafin aiki, saboda yana iya sa bangon jakar ya yi laushi. Wasu su ba da na 'yan kwanaki, wasu su bari sai bayan aiki. Kada ka saya ka ba shi da kanka. Bayan aiki zai sha shi na watanni, ana duba lafiyar hantarsa da yawan ƙwayoyin jininsa a kai a kai.

Batun tsayar da zuciya, na san nauyin kalmar a kunnen uba. Ga yadda abin yake. Ana raba ƙashin ƙirji a tsaye, a haɗa manyan jijiyoyi da wata na'ura da ke karɓar jini, ta sa masa iskar shaƙa, ta mayar da shi jiki. Ƙwaƙwalwa da ƙoda da sauran gaɓoɓi ba sa rasa jini ko na minti ɗaya. Tun 1953 John Gibbon ya yi aikin farko mai nasara da irin wannan na'urar a Filadelfiya ta Amurka, yau kuwa kullum ana aiki da ita a duniya. Sai a matse babbar jijiya, a ɗura wa zuciya wani ruwa mai fotasiyam, ta kwanta ta huta. Matse jijiyar nan yana da amfani na biyu ga ɗanka: ko wani abu ya kuɓuce, ba shi da hanyar zuwa ƙwaƙwalwa.

Ranar farko da na tsaya a kan irin wannan aikin, abin da na fi tunawa shi ne shirun. Likitan tiyatar mutum ne mai barkwanci, amma da aka zo kan jakar ya ce kowa ya yi tsit. Ya kewaye wurin da ƙyallaye jiƙe da ruwan gishiri mai kauri, kashi 20 cikin ɗari, wanda ke kashe kawunan tsilar. Ya soka allura yana gani da idonsa, ya zuƙe ruwan, ya ɗura ruwan gishirin, muka tsaya muna kallon agogo wajen minti goma. Sannan ya tsaga, ya zaro farin tantanin ciki a hankali kamar mai zare jiƙaƙƙiyar takarda, ya tsince 'yan jakunkunan ɗaya bayan ɗaya, ya wanke ramin, ya ɗinke shi. Wani ramin sai an yi masa faci. Da aka saki jijiya jini mai ɗumi ya shiga, zuciyar ta motsa, ta kama bugu. A nan ne ya dawo da barkwancinsa.

Ba zan ce maka babu haɗari ba. Akwai zubar jini, akwai rikicewar bugu, wani har sai an sa masa batirin zuciya, kuma cutar tana iya dawowa, shi ya sa za a bi shi da eko shekaru. Amma a hannun waɗanda suka saba, mafi yawa suna tashi lafiya, kuma haɗarin barin ta ya fi na cire ta nesa ba kusa ba. Ka sa ran kwana ɗaya ko biyu a ɗakin kulawa ta musamman, mako ɗaya ko fiye a asibiti, ƙashin ƙirji kuma mako shida zuwa takwas kafin ya kama.

Kafin ranar, ka tabbata an duba hantarsa da huhunsa da ƙwaƙwalwarsa, don jakar ba ta cika zuwa ita kaɗai ba. Ya bar ƙwallo, ya bar ɗaukar kaya, ya guji duk abin da zai bugi ƙirjinsa. Sauran mutanen gidan a yi musu hoton ciki, tunda karnuka ɗaya kuka zauna da su. Karnukan a kai su wurin likitan dabbobi a riƙa ba su maganin tsila mai suna firazikwantel aƙalla sau huɗu a shekara, kuma a daina jefa musu ɗanyen kayan ciki mai ƙuraje, a ƙona ko a binne da zurfi.

TAMBAYA: Likita, ni ɗalibar aikin jinya ce. A ɗakin da nake koyon aiki an yi wa wata mara lafiya eko ta ƙirji, aka sake yi ta maƙogwaro, aka yi CT, aka kuma tura ta MRI, duk a kan jaka ɗaya a bangon da ya raba ɗakunan sama na zuciya. Wannan ba wahalar da mutum ba ne? Kuma iri nawa ne jakunkunan nan? — Ɗaliba

AMSA: 'Yata, tambayarki ta yi kyau, kuma wani lokacin kina da gaskiya, akan yi hoton da ba a buƙata. Amma a wannan wurin da kika faɗa, ina ganin ba su yi ɓarna ba.

Kowane hoto da abin da yake gani. Eko, wanda Inge Edler da Hellmuth Hertz suka fara a Lund ta ƙasar Suwidin a 1953, shi ke nuna motsi: jakar tana lilo? tana tare ƙofa? jini yana wucewa? Ta ƙirji haƙarƙari da huhu sukan tare shi. Hanyar abinci kuwa a bayan ɗakin sama na hagu take bi, manne da shi, don haka in an zura na'urar ta maƙogwaro, bangon nan yana gabanki tar. CT yana nuna iyakar abin, da ko bangonsa ya yi tauri kamar alli, da inda jijiyoyin zuciya suka bi, wato taswirar mai wuƙa. MRI shi ya fi sanin abin da ke ciki: ruwa ne, jini ne, majina ce, ko tsoka. A wannan bangon akwai wani ƙari mai laushi da ake kira miksoma, shi ya fi yawa cikin ƙarin da ke tsirowa daga zuciyar manya, kuma yakan yi kama da jaka. Gudan jini ma yakan yi. Kowannensu maganinsa daban.

Ban da biyun da na yi bayani a sama, ki riƙe wasu biyu. Akwai jakar da asalinta ɓurɓushin hanyar iska ne da ya ɓata hanya tun a ciki, ya zauna a rigar zuciya ko a wannan bangon. Cikinta majina ce mai kauri, shi ya sa a CT takan yi kamar tsoka, sai MRI ya warware. Ita galibi cirewa ake yi, don tana iya ruɓa ko ta girma. Sai jakar jini a kan ƙyauren ƙofofin zuciya. Abin mamaki, 'yan mitsi-mitsinta suna da yawa a jarirai sababbin haihuwa, kuma suna ɓacewa da kansu cikin watannin farko. A babba ne take zama abin mamaki, kuma ana cire ta idan tana hana ƙofar rufuwa ko buɗewa.

Ki sani duk hotunan nan zato ne mai ƙarfi. Hukuncin ƙarshe yana wurin likitan da zai yanka abin da aka ciro ya duba a madubin ƙara girma. Idan kina ɗakin tiyata, ki kula da kwalbar da ake saka abin da aka ciro, da sunan da ke jikinta, kamar yadda kike kula da mara lafiyar.

TAMBAYA: Likita, wata takwas ke nan da aka cire mini jakar ruwa ta tantanin zuciya da kyamara. Alhamdu lillahi hakin ya tafi. Amma har yanzu gefen da aka yi hujin yana yi mini zugi da dindiris, wani lokacin ko riga ta taɓa sai in ji kamar wuta. Ko ta dawo ne? Kuma 'ya'yana za su gada? — Malam B.

AMSA: Malam, barka da arziki. Ba alamar dawowa ba ce. A ƙarƙashin kowane haƙarƙari akwai siririyar jijiyar saƙo, kuma ta nan kayan aikin suka shiga suka fita. In ta gurzu, sai ta riƙa aika saƙon zafi ba gaira ba dalili, shi ne wutar da kake ji in riga ta taɓa. Ga mafi yawa yana raguwa a hankali, wani ya kai shekara. Magungunan ciwon jiki na yau da kullum ba su cika yi masa ba. Akwai na musamman na ciwon jijiya, akwai na mannawa a fata, akwai kuma allurar da ake yi a gindin jijiyar in ya ƙi ji. Ka koma wurin waɗanda suka yi maka aikin ka faɗa musu da irin kalmomin da ka rubuto mini, za su gane. In tabon ya yi ja, ko yana ruwa, ko zazzaɓi ya biyo baya, wannan kuma maganar yau ce ba ta gobe ba.

Jakar da aka cire gaba ɗaya da wuya ta dawo. Kuma ba a san ta da bin jini ba, don haka ba sai ka kwashi yara ka kai su hoto ba. Ka dai nemi takardar sakamakon abin da aka ciro, wadda ta tabbatar da irinsa, ka adana ta tare da hotunanka na kafin aiki.